Amanar Nafi

"Ki faɗa mini mi ɗiyata ke zuwa yi biro ɗinki!"

Souwaiba na durƙushe a bakin tabarma, kanta a sunkuye. Yau ne karon farko da Hajiya Habsa, mahaifiyar saurayinta Mourtala, ta aika a kira ta. Ita kuwa ta zo da murnarta har da sabon mayafi, a zatonta zancen ranar biki za a yi. Ashe shari'a aka shirya mata.

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Ba haƙuri na tambaye ki ba. Kadidia, maimaita abin da kika gani."

Kadidia ta gyara zama. Ɗiyar ƙanwar Hajiya ce, tun suna yara ake tsokanarta da matar Mourtala, ita kuma ta riƙe wasan da hannu biyu.

"Wallahi da idona, Inna. Na raka ƙawata likita, sai ga Nafi ta fito daga ɗakin da ake ganin masu taɓin hankali, idanunta jajur. Ki dubi yadda yarinyar nan ta zube! Ita wannan ba ta da nama a jiki, shi ne take koya ma ɗiyan mutane ƙin abinci, wai bincike."

Mourtala na tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa shi.

"Souwaiba, ki faɗa mata mana. Mine ne a ciki?"

Abin da ke ciki kuwa da yawa. Souwaiba ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam a Yamai, ta dawo gida Agadez tana rubuta binciken digirinta na dakta a kan ƴan matan da abinci ya zame musu abokin gaba: masu ƙin ci, masu ci su amayar, da masu haɗiyar ƙwayoyin ƙiba na kasuwa. An ba ta biro, wato ɗakin aiki, a can likita, inda take ganinsu. Mutanen unguwa ba su wahalar da kansu da wannan dogon bayani ba, suka raɗa mata lokotoron mahaukata, wato likitarsu, suka huta.

Nafi, autar Hajiya, da ƙafarta ta zo bayan Souwaiba ta yi jawabi a makarantarsu. Sai da ta sa aka rantse mata cewa ba mai ji. Souwaiba ta yi alkawari, da sharaɗin in ta ga ranta na cikin haɗari dole ta sanar da gida. Ta haɗa ta da likitan da ke duba jikinta, kullum kuma tana lallashinta ta buɗe wa mahaifiyarta ciki. Yarinyar ta fara samun sauƙi, sai dai ba ta shirya ba tukuna.

Souwaiba ta ɗago a hankali.

"Inna, duk wanda ya shigo wurina, maganarshi amana ce. Ko wane ne, ba ni da bakin faɗi."

"Ni na haife ta!"

"Na sani, Inna..."

"To in bakinki ya fi ƙarfin gidana, ƙafarki ma ta bar shi. Kai kuma," ta juya ga Mourtala ba tare da ta kira sunansa ba, don ɗan fari ne, "ka gaya ma baffanninka a dakata da maganar nan."

Kadidia ta sunkuyar da kai tana gyaran zobe, wai ita tausayi.

A lungun bayan gidan Mourtala ya cim mata, ya sha gabanta.

"Souwai! Tsaya don Allah!"

Ta tsaya, hawaye na bin kumatunta.

"Ƙanwata ce fa. Ni ma ba za ki gaya mini ba?"

"Kai ma."

"Ni? Ni da zan aure ki?"

"Masoyina, in na gaya maka yau, gobe wace yarinya za ta sake buɗe mini baki a garin nan? Ka san Agadez. Magana ta fita da hantsi, kafin la'asar ta kai Ingall."

"Wato aikinki ya fi ni."

"Ban ce ba..."

"Kin ce, ma chérie. Kin ce da babbar murya."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi bai waiwayo ba. Washegari ta ji ya bi mota zuwa Iférouane ɗauko albasa, sana'arsa ke nan, amma bai taɓa tafiya ba sallama ba sai wannan karon.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa Souwaiba daɗi ba ko kaɗan. Ta buɗe aikinta ta kasa rubuta layi ɗaya. Wayarta na yin ƙara ta zabura, sai ta ga malaminta ne daga Yamai yana tambayar babi na gaba. Mahaifiyarta ma ta sa ta gaba da faɗa, wai wace irin amana ce za ta hana ɗiya aure. Tana son Mourtala, so irin wanda ba ya ɓoyuwa, kuma ta ji tsoron ta rasa shi ke nan.

Ana haka Nafi ta faɗo biro ɗin da jakar makaranta, tana kuka kamar ranta zai fita.

"Anti, saboda ni ne! Saboda ni aka fasa!"

"Zauna, ƙanwata. Sha ruwa tukuna."

"Kadidia har ta fara kiran Yaya a waya... In na faɗa, za a maida auren ko?"

Kalma ɗaya ce tsakanin Souwaiba da farin cikinta. Ta ce "eh", shi ke nan. Ta dubi siraran hannayen yarinyar a kan cinyarta, ta haɗiye kalmar da ƙyar.

"Kada ki faɗa don ni, Nafi. Ranar da za ki faɗa, ki faɗa don kanki, don kin gaji da ɗaukar kayan nan ke kaɗai. Aurena kuma yana hannun Allah."

Da Nafi ta fita, Souwaiba ta rufe ƙofa ta yi kukanta mai isarta.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, wayarta ta yi ƙara.

"Anti, na shirya. Amma sai kina kusa da ni."

"Inna ta hana ni shiga gidan."

"Ni ba ta hana ni yin baƙuwa ba."

Souwaiba ta same su a tsakar gida an kewaye tiren shinkafa, Hajiya da Kadidia da Nafi. Mourtala na gefe a kan kujera, ya dawo ke nan, ya yi baƙi ya rame. Da suka haɗa ido ya yi saurin kawar da kai.

"Wa ya kira ki?" in ji Hajiya.

"Ni ce, Inna."

Nafi ta kamo hannun Souwaiba ta zaunar da ita, ta riƙe gam.

"Inna... ni na kai kaina wurinta. Na daɗe ba na cin abinci."

"Ƙarya! A gabana kike ci, kwano ɗaya da ni!"

"Gefen Kadidia nake turawa kaɗan-kaɗan. A kwano ɗaya wa ke gane rabon wa? Furar da kike tsare ni in shanye kuma, ina zagawa bayi in amayar."

Cokalin miya ya suɓuce daga hannun Hajiya.

"Don mi? Mi muka rage ki da shi?"

"Kin tuna bara, da gwaggonnina ke tsungulin hannuna suna ce mini tsinke? Aka sayo mini ƙwayoyin nan na ƙiba. Fuskata ta kumbura, cikina ya fito, ƴan ajinmu suka ɗauki hotona suna yawo da shi a waya. A gida a ce na rame, a lekol a ce na zama buhu. Sai na ji tsoron abinci, Inna. Ina ganinshi gabana ya faɗi..."

Mourtala ya miƙe zumbur.

"Wa ya sayo mata ƙwayoyi?"

Kadidia ta fara inda-inda. "Ni dai aike na aka..."

"Ni na aike ta," in ji Hajiya. "Ni. Na ce ɗiyata ta yi kumari, kada a ce gidan Habsa ba a ƙoshi."

Sai Hajiya ta jawo Nafi jikinta, tana shafa ƙasusuwan bayanta kamar yau ta fara jin su, tana salati tana hawaye. Can ta dubi Souwaiba.

"Iska ce ta taɓa ta?"

"A'a, Inna. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana warkewa. Ta ma kama hanya."

"To ni mi zan yi?"

"Ki daina lura da lomarta, kada kuma a ƙara zancen jikinta a gabanta. Ki zauna kusa da ita kawai. Sauran za mu yi tare, sannu a hankali."

Hajiya ta share hawaye.

"Na kore ki, na tsayar da aurenki, duk kina riƙe da wannan a ciki?"

"Ba nawa ba ne da zan bayar, Inna."

"Allah Sarki! Ki yafe mini, ɗiyata. Wanke hannu ki matso."

Wani numfashi Souwaiba ta sauke, wanda ta ji tun daga tafin ƙafarta. Kadidia kuwa ta tuna ta bar wanki a gida, ta ɗauki mayafi ta yi waje.

Da la'asar Mourtala ya rako ta. Suna tafe yana ta shurin tsakuwa.

"Souwai..."

"Na'am, mai albasa."

"Na ce aikinki ya fi ni."

"Ka ce. Da babbar murya ma."

"Na yi wauta, hasken idona. Can cikin garake ko barcin kirki ban yi ba. Ashe ƙanwata kike tsare mini, ni ina fushi."

"Ka sani tun yanzu, gobe ma in wata ta ba ni amana, ba za ka ji ba."

"Na yarda! Ni ma ga tawa zuciyar, ki riƙe mini haka."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, dariyar da ta yi kewa.

Bayan Sallar layya aka ɗaura aure. Nafi ce babbar ƙawar amarya, ba ta gama warkewa ba, amma idonta ya yi haske, tana ci gwargwadon abin da za ta iya ba mai sa mata ido. Da aka kawo amarya gaban dangin ango, wata gwaggo ta kama damtsen Souwaiba ta matsa.

"Kai! Wannan sai an tsare ta da fura da cuku kafin ta zama mace!"

Souwaiba ta ji Nafi ta ƙanƙame a gefenta. Kafin ta yi wani motsi, Hajiya Habsa ta miƙo hannu ta ɓamɓare yatsun gwaggon ɗaya bayan ɗaya.

"Sake mini ɗiya, Hajara. A gidan nan mun daina auna jikin mutane."

Gwaggo ta saki baki. Nafi ta kwantar da kanta a kafaɗar amarya, ta raɗa mata a kunne:

"Anti... yunwa nake ji."