Yarinyar da Ta Ƙwace Hular Kwano

Marcellus Pettway bai taɓa ganin fili irin wannan ba sai a talabijin. Da aka fito da su ta ƙarƙashin bene zuwa tsakiyar ciyawa, sai ya tsaya cak ya ɗaga kai. Kujeru ne hawa-hawa har inda ido zai gaji. Babu kowa a kansu, amma ji ya yi kamar suna numfashi. Duk mutanen garinsu, har da waɗanda ke kwance a bayan coci, ba za su cika kusurwa ɗaya ba.

"Ɗari biyu da sha huɗu, rufe bakinka kada ƙuda ya faɗa."

Ya juya. Wata siririyar yarinya ce sanye da jar riga ta masu kula da lafiyar 'yan wasa, ta rataya gorunan ruwa a kafaɗa, tana kallon lambar da aka liƙa masa a ƙirji.

"Sunana Marcellus," ya ce.

"Ni Renita. Amma yau dukanku lambobi ne. Karɓi, sha."

Ya sha, idonsa a kanta. Ita kuwa tuni ta wuce wajen na gaba.

Sansanin bazara ne babbar jami'ar jihar ta buɗe wa 'yan sakandare masu ƙwallon zari-ruga, wasan karo da ake sa hular kwano, kamar yadda take yi duk watan Yuni. Yara ne ɗaruruwa daga ko'ina a Alabama, kowa da fata ɗaya: wani koci ya ga gudunsa, ya tambayi sunansa, ya ba shi gurbin karatu kyauta. Marcellus na shirin shiga ajin ƙarshe, kuma har yanzu babu jami'ar da ta neme shi. Mahaifiyarsa sai da ta yi musayar ranar aiki a kamfanin kaji kafin ta kawo shi. Da ta sauke shi, abu ɗaya ta ce masa: "Ka sa su gan ka."

Kuma sun gan shi. Da yamma aka haɗa su gaba da gaba, ɗaya ya ruga da ƙwallo, ɗaya ya tare. Aka haɗa Marcellus da Tray Lockett, yaron da kowa a jihar ya san sunansa. Tray, riƙe da ƙwallo, ya yi kamar zai bi dama, ya karkata hagu, Marcellus bai ruɗu ba. Ƙarar haɗuwarsu har kujerun sama ta kai, ta dawo. Yara suka ɗauki ihu. Babban koci, wanda tun safe bai sauko daga ƙaramar motarsa ba, ya sauko.

Marcellus ya miƙe yana murmushi. Sai dai ciyawar ta koma ruwan ɗorawa a idonsa, kuma layin da ya nufa ba nasu ba ne.

Renita ta sha gabansa.

"Me ka ci da safe?"

"Matsa, ana jirana."

"Me ka ci da safe, Marcellus?"

Ya buɗe baki. Ya nemi safiyar a kansa, ya rasa. Kafin ya ƙirƙiro wani abu, ta sa hannu ta ɓalle maɗaurin haɓarsa, ta zare hular kwanon, ta rungume ta a ƙirji. Kowane yaro a wurin ya san ma'anar haka. Wanda ba shi da hula ba ya taka fili, ko ɗan gwamna ne.

"Don Allah," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Sau ɗaya kawai. Ga shi can yana kallona. Ba ki san abin da ya kawo ni nan ba."

"Na sani. Mu je wajen likita."

Likita ya haska masa ido, ya sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya, ya ce ya gama wasa sai bayan makonni. Daga ɗakin Marcellus yana jin ana busa usur a waje. Da ya fito, labari ya riga ya bazu cewa an ba Tray gurbi. Ya hango shi a bakin ƙofa yana dariya da Renita, ta kai masa duka a kafaɗa. Abin da ya gani ke nan, kuma da shi ya tafi gida.

Washegari ya lalubo ta a intanet ya tura mata saƙo:

"Na gode. Ki gaishe da saurayinki, kin share masa hanya."

Amsa ta zo nan take:

"Ajiye wayar. Hasken nan ba ya yi wa kanka kyau. Ka yi barci, ka sha ruwa. Za mu yi faɗan nan in an kwana bakwai."

Ya yi niyyar mantawa da ita. Ranar da kwanakin suka cika, yana zaune a baranda yana ɓare wa mahaifiyarsa wake, sai wayar ta yi ƙara:

"Sati ya cika. Fara, ina ji."

Ya fara kuwa. Ya rubuta mai tsawo, ta bar shi ya gama. Sannan ta rubuto:

"Tray ajinmu ɗaya tun firamare, har yau da ƙyar yake ɗaure igiyar takalmi. Da shi ne ya nufi layin da ba nasa ba, da tasa hular na ɗauke. Kai kuma ban taɓa ganin wanda ya karanci ƙafar mutum kamar yadda ka yi ba. Tsikar jikina sai da ta tashi. Shi ya sa nake so kan nan ya daɗe."

Marcellus ya karanta har waken ya zube a ƙasa.

"Ɓarauniya," ya rubuta. "Kin sace hula, yanzu kuma me kike nema?"

"Hankalinka, Sarkin Taurin Kai. In akwai saura."

Babbar jami'ar ba ta sake nemansa ba. Wata ƙarama ce can kusa da iyakar Georgia ta ba shi gurbi bayan kakar wasa, ya karɓa da hannu biyu. Renita ta shiga karatun jinya. Duk ranar Asabar da yake da wasa, kafin ya fita, saƙonta na jiransa:

"Kai sama, ido a buɗe. Kafaɗa aka ce ka sa, ba goshi ba. Ina sonka da duk abin da ke cikin kwanyar nan."

Shi kuma ya mayar: "An ji, Ɓarauniyata. Na ci ƙwai da burodi da safe, ki rubuta."

Shekara ta uku ta ce ya zo gida ya gaida iyayenta. Ya goge fararen takalmansa, ya sayi furanni. A falo ya tarar da bango cike da hotuna: wani ƙato sanye da rigar babbar jami'ar nan, a cikin filin nan, an ɗaga shi sama. Marcellus ya san fuskar. Duk yaron da ya taso yana tare 'yan wasa a jihar ya san Hollis Gaddis. Renita ba ta taɓa gaya masa cewa mahaifinta ne ba.

Sai ga mutumin da kansa ya fito, yana dafa bango. Har yanzu faɗin kafaɗarsa ya cika ƙofa. Ya riƙe hannun Marcellus cikin nasa.

"A ina kake tsayawa a fili, ɗana?"

"Inda kake tsayawa, Baba."

"Madalla." Ya yi murmushi mai taushi. Aka zauna cin abinci, soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Kafin a ɗauke faranti, ya sake yin tambayar, daga baya ya kuma. Marcellus ya amsa kowace kamar ta farko. Renita ba ta ɗago kai daga farantinta ba.

Bayan an gama, mahaifiyar Renita, Mama Earline, ta kira shi baranda. Mace ce gajera, ba ta zagaye-zagaye.

"Ba ni da abin ƙi a jikinka," ta ce. "Kana da ladabi, ka kuma cinye abincina. Amma na riga na auri ɗan ƙwallo sau ɗaya. Ba zan maimaita ta hanyar 'yata ba."

"Mama, yanzu ba kamar da ba ne. Akwai likitoci, akwai..."

"Ni nake aske masa gemu, Marcellus. Ni nake ɓoye makullin mota. Shekararsa hamsin da 'yan kai, amma karon da ya sha a fili ya cinye masa ƙwaƙwalwa. Kada ka koya mini da da yanzu."

Ta karɓi furannin ta yi godiya, ta ce ya gaida mahaifiyarsa.

Bai daina zuwa ba, ita ma ba ta kore shi ba. Yakan yanke ciyawar gidan, ya zauna da Baba Hollis su kalli tsofaffin wasanni. Amma duk ranar da aka taɓo zancen aure, Mama Earline sai ta tashi ta shiga kicin.

A shekararsa ta ƙarshe a jami'a wani mai farautar 'yan wasa ya kira shi. Wata ƙungiyar ƙwararru na so ya zo gwaji. Marcellus ya tuƙo mota har wurin Renita don ya faɗa mata baki da baki. Ta rungume shi, ta ce ta yi murna, kuma ya ga da gaske take. Sai ta sake shi, ta kau da kai.

"Faɗi mana," ya ce.

"Ba abin da zan faɗa. Wancan karon da na ɗauke hularka aikina ne, na yi. Wannan naka ne. In ka tafi ina sonka, in ka zauna ina sonka. Abin da ban sani ba shi ne ko zan iya kallo."

Ranar Lahadi bayan coci Renita ta kira shi a waya. Baba ya fita ba a gani ba. Mama ta shiga wanka ne kawai. Marcellus yana garin, ya fito da gudu. Maƙwabta sun bazu wajen kogi da babban titi. Shi kuwa ya tambayi kansa inda ƙafarsa za ta kai shi in da shi ne, sai ya nufi filin makarantar sakandare.

Can ya same shi, da kwat ɗin coci, ya riƙe ƙofar waya da aka kulle yana jijjigawa.

"Na makara," in ji Baba Hollis, idonsa cike da tsoro irin na yaro. "Koci zai kashe ni. Sun fara ba ni?"

"An ɗage wasan, Kyaftin. Ni ma yanzu aka gaya mini. Zo mu koma tare."

Ya saki ƙofar. Suka kama hanya a hankali, ƙarƙashin inuwar itatuwa. Sai bakin tsohon ya buɗe. Ya ba shi labarin ranar da ya fara fita babban fili, yadda ƙarar mutane ke shiga ta tafin ƙafa kafin ta kai kunne, yadda ciyawa ke ƙamshi, sunan kowane abokin wasansa da garin da ya fito. Ko ɗaya bai ɓace masa ba. Marcellus yana saurare cike da mamaki. Abin da yake mafarki ke nan tun yana yaro, ga shi a bakin wanda ya same shi duka.

Da suka shawo kwanar gida, Mama Earline na tsaye a baranda, gashinta a jiƙe, takalmi ƙafa ɗaya. Baba Hollis ya ja ya tsaya, ya taɓa Marcellus da gwiwar hannu.

"Kai, wace ce waccan? Kyakkyawa ce."

"Matarka ce, Baba."

"Tawa?" Ya gyara kwat ɗinsa, fuskarsa ta washe. "Lallai na yi sa'a."

Mama Earline ta ji. Ba ta yi kuka ba. Ta sauko ta kama hannun mijinta, ta ce, "Ka yi sa'a ƙwarai, malam. Shigo ka sha shayi mai sanyi." Renita ta karɓe shi suka shiga ciki.

Marcellus ya tsaya a ƙasan matakala.

"Mama, ba zan je gwajin nan ba."

Ta dube shi da kyau. "Kada ka bari don ni. Nan gaba za ka riƙa kallon talabijin kana jin haushina, daga ni ka koma kan 'yata."

"Ba don ke ba ne. Ina son wasan nan, har gobe ina sonsa, ya kuma ba ni karatu. Amma in na tsufa na shawo kwanar gidana, ina so in san wadda ke tsaye a baranda ba sai an gaya mini ba."

Mama Earline ta sunkuya. Ta cire takalmin ƙafa ɗayan ta riƙe a hannu.

"Ka gama digirin tukuna," ta ce. "Ka samu aiki mai inshorar lafiya. Sannan ka turo mini mahaifiyarka, mu zauna mu mata."

Ya gama, ya samu koyarwa a wata makarantar sakandare. Aka sa rana a farkon kaka, lokacin da zafi ya fara sauki.

Cocin ya cika har waje. Abokan wasansa sun cushe a benci biyu, kwat na neman yagewa a bayansu. Mahaifiyarsa tun kafin a fara take share ido. Da aka buɗe ƙofa, Renita ta shigo cikin farin kaya, hannunta cikin na mahaifinta, ita ke jan sa a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Marcellus ya kalle ta, bai ƙara ɗauke ido ba.

Fasto ya tambaya, "Wa ke ba da wannan yarinya aure?"

Mama Earline ta yunƙura za ta amsa, kamar yadda aka shirya. Baba Hollis ya juya ya dubi amarya, ya daɗe yana dubanta.

"Ni ne," ya ce, da murya mai ƙarfi. "Renita ce. 'Yata ce."

Tsofaffin mata suka amsa da amin daga kowane gefe. Mama Earline ta zo ta ɗora hannun 'yarta a kan na Marcellus, ta haɗa ta riƙe da nata biyun.

"Allah ya ba ku tsawon rai da lafiya," ta ce. "Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya sa ku tsufa tare kuna sane da juna. Ku je, na sa muku albarka."