Murnata Ce Ta Sayar da Gidan

Ina sauka daga kan kabu-kabu idona ya sauka a kan get ɗin.

Koren get mai zanen tauraro a sama.

Gidana!

"Malam, ka tabbata nan na?" na tambayi mai mashin ɗin.

"Nan na mana. Ba ki ganin mata suna shiga da kaya?"

Ina ganinsu. Wata da katifa a ka, wata rungume da kuloli, ana ta guɗa. Daga Rabah aka kira ni zuwa Wurno in ɗauki bidiyon jeren wata amarya mai suna Husainatu. Ba shi ne ainihin aikina ba. Ni Ikilima, gidajen sayarwa nake ɗauka wa dillalai, in tace bidiyon, su ɗora a shafukansu masu saye su gani. Amma da aka ce musamman ni ake so, sai na karɓa.

Na shiga. Ko sallamata ban ƙarasa ba wata dattijuwa ta ajiye labulen da ke hannunta, ta ƙura mini ido.

"La ilaha illallahu! Ku taho ku gani, ga yarinyar cikin bidiyo!"

Mata suka yanyame ni.

"Wallahi ita ta!"

"Kin hi kyau a hili, ɗiyata."

"Wane bidiyo, Gwaggo?" na tambaya.

"Ji ta da wani tambaya! Ba ke kinka yi tallan gidan ga ba? Ai ango na ganin kukan da kinka yi bakin tagar kicin yac ce ko mi za a yi shi za ya sai shi. Kin iya aikinki, tubarkalla!"

Ta ciro waya daga lalitarta, ta danna, ta miƙo mini.

Ni ce.

Ni ce da mayafina ruwan toka, ina dariya har haƙorana duka a waje. Ni ce nake shafa bangon falo ina cewa, "Nan za mu sa kujeru." Ni ce na buɗe ƙofar uwar ɗaki na rufe fuska don kunya. Ni ce a bakin tagar kicin hawaye yana zuba, ina cewa, "Allah na gode maka..."

A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: GIDAN DA KE SA AMARYA KUKAN DAƊI. NA SAYARWA.

Sai lambar wayar Zayyanu.

Zayyanu, wanda aka sa mana rana bayan girbin albasa.

A wurin aiki muka haɗu. Shi dillalin gidaje da filaye ne, daga Wurno har Goronyo babu lungun da bai sani ba, kuma Allah ya ba shi baki. Ni kuma ina da sharaɗin da Baba ya gindaya mini tun ranar da na fara: murya kawai, ban da fuska. Don haka a bidiyona hannuna kaɗai ake gani yana tura ƙofa. Da hantsi nake ɗauka, lokacin da haske ya cika ɗakuna, kuma takalmina a bakin ƙofa nake barinsa don kada ƙararsa ta shiga. Inda silin ya yi tabon ruwa ina nunawa. Inda bango ya tsage ina faɗa.

Wannan shi ne faɗanmu kullum.

"Masoyiya, bidiyonki ba shi da rai," in ji shi. "Kamar mai karanta labarun rediyo. Mutane ba bulo suka saye ba, mahwalki suka saye."

"To ka nemo mai mahwalkin ta ɗaukar maka."

Sai ya yi dariya ya ce zafin kaina ne ya sa yake sona.

Baba bai so shi ba da farko. Cewa ya yi mutumin da sana'arsa daɗin baki ce, yaya za a gane ranar da yake faɗin gaskiya? Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na tura Inna, na tura yayata Murja, har Baba ya gaji ya sa albarka. Da bakina na ce masa, "Baba, Zayyanu ba ya yi mini ƙarya."

Rannan da hantsi ya zo da mota ya ɗauke mu ni da Murja, wai akwai abin da zai nuna mini. Muka tsaya a gaban koren get ɗin nan, gidan da na taɓa yi wa bidiyon talla can baya. Ya ciro makulli ya ɗora a tafin hannuna.

"Buɗe gidanki, amaryata."

Na ɗauka shi ne ya saya mana, wallahi na zaci zuciyata za ta fito. Ya ɗaga waya ya ce bari ya ɗauke ni don 'ya'yanmu su gani wata rana. Na manta da sharaɗin Baba, na manta da komai. Ai ba aiki ba ne, gidana ne, mijina ne.

Yanzu da nake tsaye a tsakiyar matan nan, sai wani abu ya faɗo mini. Da na yi kuka a bakin tagar, Zayyanu bai sauke wayar ba. Bai ce mini in yi shiru ba. Cewa ya yi:

"Ɗan juyo nan, hasken ya hi kyau."

Kuma na juya.

Na mayar wa dattijuwar wayarta, na ce kaina ke ciwo, su yi haƙuri su nemi wata. Ban san yadda na fita ba.

Shagonsa yana bakin hanyar Achida. Na same shi yana shan shayi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yana ganin fuskata ya miƙe, kofin ya kusa suɓuce masa.

"Ikilima... lahiya?"

"Gidan wa na?"

"Wane gida?"

"Zayyanu, kada ka maishe ni mahaukaciya! Daga can nike. Gidan wa na?"

Ya dubi ƙofa kamar mai neman ceto.

"Na Alhaji Isa na, na Goronyo."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun hwarko."

"Ranar da kab ba ni makulli hwa?"

Ya kawar da kai.

"Ranar ma nashi na?"

"Ki zamna in yi miki bayani, masoyiya."

"Kada ka sake kirana da sunan ga!"

Ya fara zuba kamar yadda ya saba. Wai gidan ya daɗe a hannunsa ya ƙi tafiya. Bidiyon da na yi masa can baya, wanda na nuna tsagar bangon baya, ko mutum ɗaya bai kira ba. Alhaji Isa ya ce zai karɓe gidajensa duka ya ba wani dillali. Sai Raihana, 'yar Alhajin, wadda ke kula masa da shafin talla, ta kawo shawara.

"Ita tac ce in an samu macen da za ta yi murnar gaske, gidan ba ya kwana. Nic ce ke ba ki iya wasan kwaikwayo, ba ki yarda. Sai tac ce to kada in gaya miki."

"Sai kay yarda."

"Don mu niy yi! Wallahi don mu! La'adar da nis samu hili nis saya da ita, na gaske, da sunanki. Nic ce in an gama komi in gaya miki mu yi dariya."

"Mu yi dariya..."

"A shahin masu saye na birni kaɗai anka sa shi. Na toshe ki, na toshe Murja, don kada ranki shi ɓaci. Ban san za ya bazu ba."

Ka ji mutum! Har yana lissafa mini toshe ni a cikin alherin da ya yi mini.

"Zayyanu, ina kuka kana duba haske."

Na juya na bar masa shagon.

Kafin in isa Rabah labari ya riga ni. Wata daga cikin matan jere ta tura wa wata, wata ta tura wa matar kawuna. Na tarar da Baba zaune a zaure da waya a hannu. Bai yi mini tsawa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Ikilima, mi nic ce miki game da huska?"

Na durƙusa. "Baba, ban san talla ta ba."

"Na sani. Murja ta hwaɗa mini." Ya kife wayar a kan tabarma. "Ni ba ni raba auren da nis sa ma albarka. Amma ba ni tura ki. Shawara tana hannunki."

Inna kuwa hankalinta yana kan lefen da aka riga aka kawo, da abin da mutanen gari za su ce. "Namiji na, ɗiyata. Kuskure yay yi. Ai ba wata yab bi ba."

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Ikilima? Raihana ta, daga Goronyo." Muryarta kamar an zuba zuma. "Na ji kin tahi jere kin dawo ba ki yi aikin ba. Ni hwa nib ba su lambarki, don in taimake ki."

Sai yanzu na gane dalilin da ya sa aka ce musamman ni ake so.

"Kin kyauta," na ce.

"Ai ba komi. Ki yi haƙuri da Zayyanu, mutum na mai son ci gaba. Sai macen da ta san kasuwa ka iya zama da irinsu."

Na kashe wayar. Murja da ta ji komai ta tashi tana huci.

"Kin gani ko? So taka ki rabu da shi ta ɗauke! Wallahi ko don ki ƙona mata rai sai ki aure shi. Kada ki bar 'yar Goronyon ga ta yi miki dariya!"

Gaskiya maganar ta shige ni. Ina da zuciya, ba na son a ce an ci ni da yaƙi. Kuma abin haushin, ina sonsa. Duk da abin da ya yi, in wayata ta yi motsi sai gabana ya faɗi ina fatan shi ne. Ya turo manya, ya zo da kansa ya durƙusa a gaban Baba, ya sa aka sauke bidiyon, ya bar aiki da Alhaji Isa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Da ya roƙi in je in ga filin, sai na ce to.

Muka tafi da Murja. Filin yana bayan gari ta hanyar Magarya, kusa da gonakin albasa. An zagaye shi da bulo, an fara haƙa harsashi, ga yashi an jibge a gefe. Wuri mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Iska tana kaɗawa daga fadama, ga wata bishiyar darbejiya da za ta yi wa tsakar gida inuwa.

"Wanga naki na," ya ce a hankali. "Na rantse da Wanda raina ke hannunai. Maigari shaida na, Baba ma na kai shi ya gani."

Na san gaskiya yake faɗa.

Ya shiga gaba yana nuna mini. Nan falo, nan ɗakina, nan za a haƙa rijiya. Na bi shi a baya ina jiran murna ta zo. Na ji ta ma ta ɗan taso, can ƙasan ƙirjina, har leɓena ya fara motsi.

Sai na tsinci idona yana bin hannunsa.

Na dama, babu komai. Na hagu, yana cikin aljihu.

Na dubi Murja ko ita aka ba wayar. Na waiwaya bayan bulo, na dubi kan tarin yashi.

Murmushin ya koma inda ya fito.

"Ikilima, ba ki ce komi ba. Bai yi miki ba?"

"Ya yi."

"To ki yi murna mana, ko kaɗan..."

"Hidda hannunka daga aljihu."

Ya fitar. Babu komai a ciki. Ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni, sai na ga ya gane. Idanunsa suka cika.

"Wallahi na bar ta cikin mota."

"Na yarda," na ce. "Yau ka bar ta. To ranar da anka kai ni hwa? Ranar da nih haihu? Kullum in za ni yi dariya gabanka sai na duba hannunka, Zayyanu? Haka za mu zamna har mu tsuhwa?"

"Za ki manta, masoyiya. Da sannu za ki manta."

"Na gwada yanzun ga. Ban iya ba."

Murja ta kamo mayafina tana raɗa mini sunan Raihana. Na zame. In ta ɗauke shi ta ɗauka, ita ta san kasuwa.

Ya durƙusa a kan yashin yana kiran sunana, namiji har namiji yana kuka. Da a da ne, da na riga shi zubar da hawaye. Na tsaya ina kallonsa, zuciyata tana ciwo kamar ana matsa gyambo, kuma ko a lokacin wani sashe nata yana tambayata ko wannan kukan na gaske ne.

"Gobe Kawu za ya maido maka lehenka," na ce.

Na juya na kama hanyar titi a ƙafa. Sai da na yi nisa, na tabbata ba ya ganin fuskata, sannan na bar kukan ya zo.