Bel Ɗin Motar Kawu Tao

"Kwance shi."

Ruolan ta juyo ta kalli Kawu Tao. Ya riga ya gangara gefen titi ya tsaya, ko minti biyu ba su yi da barin ƙofar gida ba.

"Kawu, bel ne kawai..."

"Na ce ki kwance shi."

Yau ta fara shiga motar Kawu Tao, mahaifin saurayinta Jinhai, za su cin abincin sanin juna, har aka karrama ta da kujerar gaba. Tana zama ta laluba gefenta, ta tarar an toshe bakin bel ɗin da ɗan ƙarfen bogin nan da mutanenmu ke cusawa don mota ta daina yi musu kuka. Nasu har da jan zare na neman sa'a. Ta zare shi ta ajiye a cinya, ta ja bel ta danna. Ƙarar dannawar nan ce ta tsayar da motar.

Wanda bai san tsofaffin direbobinmu ba zai ce abin bai kai ya kawo ba. Kawu Tao shekara talatin da biyu ya yi yana jan babbar mota a duwatsun lardin Guizhou, nan ƙasar Sin, ko kaza bai taɓa takewa ba, kuma duk wanda ya zauna shan shayi da shi sai ya ji labarin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. A wurinsa, in ka ɗaura bel a motarsa, ka ce masa ne bai iya tuƙi ba. Yanzu ga yarinya sa'ar ɗansa ta faɗa masa haka a gaban matarsa da ɗansa.

"Ba kai nake tsoro ba, Kawu."

"To wa? Akwai wani direban a motar nan?"

Ta waiga baya tana neman idon Jinhai. Mutumin da a tasa motar ba ya murza makulli sai ya ɗaura, yau takalminsa ya tsura wa ido kamar bai taɓa ganinsa ba. Ta kwance bel ɗin, ta ajiye ƙarfen a kan kujera, ta ba da haƙuri cikin ladabi, ta fita. Ta tsaya a bakin titi tana jiran ƙofa ta biyu ta buɗe.

Ba ta buɗe ba. Motar ta ja ta tafi.

Shekara shida Ruolan tana aikin jinya a sashen gaggawa na asibitin garinmu. Da hannunta take tsince ɓarɓashin gilashi daga goshin mutane. Ta san waɗanda ake kawowa da shatin bel a ƙirji, su yi kwana uku suna ƙorafin abincin asibiti su koma gida. Ta kuma san waɗanda ake tsintowa can ƙasan gangare, nesa da motar, da kalar fuskar iyayensu a bakin ƙofa. Wannan ba labarin da ake bayarwa a kan teburin surukai ba ne, shi ya sa ta yi shiru, shirun kuwa ya yi ta cin ranta.

Washegari da hutun rana Jinhai ya bayyana da kwanon taliya mai yaji, irin wadda take so, yana sunkuyar da kai.

"Lanlan, masoyiyata... ki ci ko kaɗan ne."

Ta ture kwanon. Ya yi ta bayani: Baba ya tsufa, girmansa ne kawai ya rage masa, tafiyar ma ta minti ashirin ce. Har dabara ya kawo, wai ta riƙa zura bel ɗin ta ƙarƙashin babbar riga, a lulluɓe da gyale, Baba ba zai lura ba.

"In ɓoye kamar na yi sata?" ta ce. "Jinhai, ba faɗan mahaifinka ne ya ƙona min rai ba. Kai ne. Kana zaune aka sauke ni a titi."

"Me kike so in yi? Ubana ne..."

"Ni kuma wace ce?"

Ya tafi ya bar mata taliyar, ta huce a wurin.

Ana haka Manni ta samu ƙofa. 'Yar mai shagon kayan adon mota ce da ke layin su Jinhai, tun suna makaranta take mutuwar son Jinhai, kuma ita ce ta kawo wa gidan ƙarafan nan kyauta. Kullum tana gindin mahaifiyarsa, tana tsinke mata wake tana zuba magana a hankali. Wai mai ɗaura bel tun kafin mota ta motsa, hatsari take kira. Wai mace mai wuni cikin jini da gawa ba a san abin da take kwasowa gida ba. Uwar tun tana cewa a'a har ta fara gyaɗa kai.

Bayan sati biyu saƙo ya zo. Za a je ƙauye wurin kakar Jinhai, ita ce za ta duba ta tsayar da ranar aure. Tafiyar awa uku ce a kan dutse. Ruolan ta zauna a gaba kamar kowa, ba bel, a manta da abin da ya wuce. In ba haka ba, babu rana, babu aure. Manni ma za ta, wai don ta taya riƙon tsaraba.

Ruolan ta yi kuka har idonta ya kumbura. Tana son Jinhai, son da ba ta iya ɓoyewa, kuma takaicin duniya ya ishe ta a ce ɗan ƙyallen da bai kai faɗin tafin hannu ba ne zai raba su. Sau biyu ta rubuta masa ta amince, sau biyu ta goge.

Ranar tafiya Ruolan ta zo da kwalin shayi da 'ya'yan itace na Kaka. Ta gaida kowa, ta shiga gaba. Ƙarfen bogin yana nan inda yake, har an sabunta masa zare. A baya uwa na tsakiya, Manni na gefe tana murmushi, Jinhai na bayan kujerar mahaifinsa.

Ruolan ta kai hannu gefenta. Ta zare ƙarfen, ta ja bel, ta danna.

Kawu Tao ya sauke hannu daga makulli. Fuskarsa ta yi kicin-kicin.

"Kin san sharaɗin."

"Na sani, Kawu. Ka yi haƙuri."

Ta kai hannu za ta buɗe ƙofa, sai ta ji ana kokawa da wani abu a baya. Jinhai ne ya ɗage tabarmar gorar da aka shimfiɗa a kujera, yana tono bel ɗin da ya shekara takwas a binne. Ya zaro shi duk ƙura da ɓawon gyaɗa, ya danna.

"Kai ma?" in ji uban.

"Baba, tun ina ƙarami nake ganin kana loda lemo." Jinhai bai tsaya nan ba. "Igiya uku kake ɗaurawa, ka zagaya ka jijjiga kowacce kafin ka hau. Don ba ka iya tuƙi ba ne?"

"Wannan kaya ne."

"To mu ba mu kai lemo ba?"

Manni ta buɗe baki, uwar ta dafe mata gwiwa ta hana ta magana.

"In ta sauka, zan sauka," Jinhai ya ƙara da cewa. "Wancan karon na zauna, kuma har yau kunyar kaina nake ji."

Kawu Tao ya kalli titi, ya kalli sitiyari, ya yi ta guna-guni a kan yaran zamani da ba su san darajar manya ba, da direbobin yanzu da ke shan kwana suna danna waya. Da ya zo kan direbobin yanzu sai ya tsaya, kamar ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya yi tsaki, ya fincike nasa ƙarfen ya jefa a aljihun ƙofa.

Ya kai hannu kafaɗa ya fizgi bel. Bel ya ƙi. Ya sake fizga da ƙarfi, ya ƙara cijewa. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu a kan hanya ya rasa yadda ake jan abin nan, kunnuwansa suka yi ja.

Ruolan ta share hawayenta da bayan hannu, ta miƙa hannu ta kama bakin bel ɗin.

"Ba a fizgarsa, Baba. A hankali ake ja."

Ya saki. Ta jawo masa shi har ƙugu, ya karɓa ya danna da kansa.

"Ba a sa rana ba kin fara ce min Baba," ya ce, yana murza makulli bai kalle ta ba. "To sai mu hanzarta a sa, kada ki zama maƙaryaciya."