Hannuwan Tanimu Mai Wankin Inji

Ku matso kusa, wannan ba labarin ɗaga murya ba ne. Kai Ilu, daina wannan dariyar, ba ka ji komai ba tukuna. Wanda ya san zai hana mutane barci da kuka, ya tashi tun yanzu.

Kun san wurin wankin motocin nan na bakin rafi, bayan tsohuwar tasha? A can Tanimu yake sana'a. Jikin mota kowa yana wankewa, amma inji sai Tanimu. Shekara goma sha biyar yana yi, ba a taɓa dawo masa da ƙorafin tabo ba.

Yana da ƙa'idarsa. Ba ya taɓa inji da zafi, sai ya huce har mutum ya iya ɗora kunci a kai. Sannan ya ɗaure batir da wayoyi da leda, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a gefen mota don kada kananzir ya fallatsa wa fenti. Daga ƙasa yake farawa ya yi sama. Kuma ba ya barin kumfa ta bushe a kan farin ƙarfe, don in ta bushe shatinta ba ya fita.

Abu ɗaya ne ba ya yi. Tsofaffin wurin, in za su zubar da ruwan zafi a gindin marken da ke gefe, sai sun ce, "Bismillah, masu wuri a gafara." Tanimu dariya yake musu. Ya iya aiki, wannan kam ba gardama, amma iyawar ta hau masa kai.

Wata Alhamis wani direba ya iso, ruwan lagireton motarsa yana tafasa. Tanimu ya tsiyaye ruwan a bokiti, ya gauraye da baƙin mai, yana tururi. Ya ɗauka ya watsa a gindin marken, ko uffan bai ce ba. Sai ya ji wani ɗan kuka siriri, kamar na 'yar kyanwa. Ya waiga, bai ga komai ba. Ya koma bakin aikinsa.

Washegari Juma'a. Abokan aiki duk sun wuce masallaci, shi ya tsaya kwashe tsummokaransa daga shanya. Rana tsaka. Ko tsuntsu ba ya motsi.

Bai ji ƙarar mota ba. Juyowa kawai ya yi ya gan ta, fara fat, ba lamba, bonet a buɗe, inji a fili. Wata doguwar mata tana tsaye a gefe, ta lulluɓe da farin mayafi.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Sai dai in an sauko daga masallaci."

"Yanzu za ka wanke, Tanimu."

Matar a gabansa take, amma muryar daga bayan ƙeyarsa ta fito. Ya sunkuyar da kai. Wurin duk caɓi ne, ruwan wanki yana gangarawa, amma da ya zo kusa da ƙafafunta sai ya rabu biyu ya kewaye. Ƙafafun a bushe suke. Ba sawu ko ɗaya a bayanta.



"Jiya 'yata tana barci a inuwar marken can," in ji ta. "Rabin fuskarta ya tafi."

"Ranki ya daɗe, wallahi ban sani ba..."

"Ba ka tambaya ba. Taka 'yar, Kande, tana zaure yanzu tana ɓarar gyaɗa. Jiya aka yi mata kitso. Kyakkyawa ce, tubarkalla."

Kande ita kaɗai Allah ya ba shi, shekararta huɗu. Jin sunanta a wannan bakin ya fi masa komai tsoro.

"Ga inji," in ji matar. "Ka gama kafin liman ya sallame. Duk tabon da ka bari a kai, a fuskar Kande zan ajiye shi. Daidai wurin, daidai girman."

Ya leƙa. Baƙin mai ya daskare ko'ina kamar kwalta. Ya miƙa hannu, tun bai taɓa ba hucin ya mare shi.

"Hajiya, a bari ya huce. In na sa ruwa a haka, tabo zai yi."

"Ka bari ruwan ya huce jiya?"



Ya san kananzir ba zai yiwu ba, zafi zai gasa shi a jikin ƙarfe. Kumfa ma haka. Sai ya karyo kara, ya fara kankare daskararren man a bushe, lungu-lungu, daga ƙasa. Ya yage rigar aikinsa gida biyu, ya jiƙa ɗaya ya matse sosai, ɗaya ya bari a bushe. Ya goga da jiƙaƙƙen daidai faɗin yatsa biyu, ya bi da busasshen kafin zafi ya shanye. Ya sake. Ya sake.

Daga can nesa lasifika tana kawo huɗuba. Yatsunsa suka yi bororo, bororon ya fashe. Bai tsaya ba. Matar ba ta motsa ba, amma yana jin numfashinta a wuyansa, mai sanyi.

Aka ta da iƙama. Saura gefe ɗaya.

Aka yi raka'ar farko. Saura murfin sama, farin ƙarfen nan da ba ya yafe kuskure.

Liman yana zaman tahiya ya yi gugar ƙarshe. Injin yana sheƙi, ko a kamfani albarka. Ya ja numfashi, ya ɗago kai.

Ashe tun ɗazu yana share goshi da bayan hannu, goshin ya yi baƙi da mai. Gumi ya gangaro ta ciki, ya taru a kan hancinsa. Ɗigo ɗaya. Ya faɗa tsakiyar murfin, ya ce cas.

Tabo ya fito, baƙi, kamar ƙwayar gyaɗa. Ya kai tsumma ya goga, sai ya ƙara faɗi. Ya sake gogawa, ya kai girman ƙwai.

Dariya ta taso a bayansa, a hankali.

"Tsakiyar goshi ke nan. Ci gaba da gogawa, ya kusa kai ido."

Tanimu ya yar da tsumman. Ya ɗora tafin hannunsa na dama a kan tabon, ya danne da ƙarfi. Baƙin ya leƙo ta gefe, sai ya ɗora na hagu ya tare shi. Ƙaurin nama ya tashi.

"Ɗaga hannunka."

"Ba zan ɗaga ba. Ni na zuba ruwan. Kande ba ta yi miki komai ba."

"Tawa fa, me ta yi maka?"

 Hawaye kawai yake, ya kawar da fuska gefe don kada su ɗiga a kan injin. Yana nan a haka har ya ji liman ya sallame.

Ya ɗaga. Murfin fari tas. Tafukansa biyu baƙi ƙirin.

"Ba ka bar tabo a inji ba, na yarda," in ji ta. "Tafi da abinka. Amma tun jiya ban iya taɓa fuskar 'yata ba, da na kai hannu sai ihu. Kai ma ka ɗanɗana."

Ya ƙifta ido. Ba mota, ba mata.

Ya faɗa rafi da sabulu, da kananzir, da yashi. Ƙunar ta lafa, baƙin bai motsa ba. Ya jawo farar rigarsa ta Juma'a don ya saka, shatin yatsu goma ya fito a jiki. Ya naɗe hannun da tsumma, baƙin ya ratso ta ciki. Ya ruga gida, ya tura ƙyaure, shatin tafinsa ya zauna a jikin katakon. An kankare, an yi fenti, yana nan.

Kande ta taso da gudu. Fuskarta sumul, ko ɗigo babu. Ta ɗaga hannuwa sama.

"Baba, ɗauke ni!"

Tanimu ya mayar da hannuwansa baya. Ita ta ɗauka tsaraba ya ɓoye mata, ta dinga kewaye shi tana dariya, shi yana juyawa yana kuka.

Yau Kande tana ɗakin mijinta da 'ya'ya uku. Ko ɗaya bai taɓa ɗauka ba. In an miƙo masa jariri ranar suna, sai ya sunkuya ya yi addu'a daga nesa, hannuwa a baya.

Don haka ruwan zafi, ko na wanke-wanke ne, kada wanda ya watsar bai yi bismilla ba. Kuma ranar Juma'a da tsakar rana, kada in ji an ce ɗayanku ya bi ta gindin marken nan shi kaɗai. Yarinyar can har yanzu ba ta warke ba.