Ƙarje Biyar a Ƙarƙashin Fenti

Wa ya ce ku tambaye ni abin da ya raba kawunku da gyaran fentin mota? Baki kamar ƙofar kasuwa! To, tunda kun tono, ku zauna. Wanda ya yi kuka ya sha mari.

Ban yi boko ba, amma shekara tara ina wanke masa sosunan injinsa, na san aikin. A saman fenti akwai wata siririyar fata mai sheƙi, ba ta kai ɓawon albasa kauri ba. Man goge mai kaushi ita yake ci kaɗan-kaɗan har ƙarje ya ɓace. Sai a ɗiga man a soso, a dangwala shi a jikin mota, a bi da inji a hankali, hagu da dama, sama da ƙasa. Ba a tsayawa wuri ɗaya, fenti zai ƙone. Kafin a fara kuwa, ana jan farce a kan ƙarjen. In farce ya maƙale, ya yi zurfi, a haƙura. In ya wuce sumul, zai gogu.

Rannan wani direba ya kawo baƙar mota, ya ce ta taɓa haɗari an sake mata fenti. A ƙofar baya akwai ƙarje biyar a jere. Auta, kawun naku, ya ja farce. Sumul.

"Inna, wannan ai aikin minti goma ne," in ji shi.

Da la'asar ke nan. Rana ta faɗi bai shigo ba, sai na yafa mayafi na zagaya gareji.

Tun daga lungu na jiyo injin, na san ba lafiya. Kukan inji hawa yake yana sauka in ana yawo da shi. Wannan murya ɗaya yake yi, zuuu, ba canji. An tsaya wuri ɗaya.

Sai ƙauri. Ƙaurin fenti, da wani wari a ƙarƙashinsa, kamar rigar da ta kwana a jiƙe.

Na tura ƙofa. Yana durƙushe, hannu biyu a kan inji, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Kai Auta, ka haukace ne? Motsa hannu!"

Bai waiwayo ba. Da raɗa ya amsa.

"Inna, ba ni nake riƙe da shi ba."

Na matsa. Ƙofar motar ta yi sheƙi fiye da madubi. Na ga ƙwan fitila a ciki, na ga bokiti, na ga kaina. Auta ne ban gani ba.

A inda ya kamata fuskarsa ta fito, tafin hannu ne. Fari fat, manne da fentin ta ciki.

Yatsun suka lanƙwashe.

Ƙyar. Ƙyar. Ƙyar.

A nan na gane abin da ya sa farcensa bai maƙale ba. Daga ciki ake ƙarjen. Shi kuma tun la'asar yake rage fatar da ke tsakaninsu.

Na fizge wayar injin daga bango.

Inji bai tsaya ba.

"Inna, saura kaɗan," ya ce, haƙoransa na haɗuwa. "Ina jin sanyinsa a yatsuna."

Fentin ya fara kumburowa, wuri biyar.

Bakina ya kama addu'a. Amma ni ba a taɓa ƙwace mini abu ina kallo ba, balle ɗan da na haifa. Na rarumo robar man gogen, na matse rabinta a tafina, na shafe ƙofar nan daga sama har ƙasa, kamar mai yaɓe. Sheƙi ya mutu.

Ta ƙarƙashin man, wani abu ya dafa tafina.

Ya tsaya. Kamar yana auna ni.

Inji ya yi shiru, ya faɗi ƙasa. Na damƙi wuyan rigar Auta, na ja shi a ƙasa har waje, takalmina ɗaya a can na bar shi.

Washegari direban ya zo. Ya dubi ƙofar da man ya bushe a kanta, bai tambayi komai ba. Na ce masa, "Malam, kada ka kuskura ka wanke." Ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, mu ne gareji na uku. Da na nemi jin labarin biyun farko, sai ya tayar da mota.

Auta ya yi wata guda cokali na faɗuwa daga hannunsa, da ya warke ya sayar da injin. Ni kuma wannan tafin, ku daina leƙe, har yau bai san zafi ba. Garwashi nake ɗauka da shi, ji nake kamar na riƙe ƙanƙara.

Ke, sakar mini zani. Ku tashi ku kwanta, kuma kada in ji motsin kowa.