Buhu Huɗun da Ɓarawo Ya Bari

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto Abdulnasir ya kai ƙosan farko bakinsa ke nan sai wata mata ta shigo ofis, ranta a ɓace. Ta ce sunanta Mas'uda, 'yar marigayi Alhaji Iliyasu mai hatsi, kuma an yashe mata sito.

Duk Birnin Kudu an san gidauniyar Alhaji Iliyasu. Idan damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, takan raba gero ga gidaje sittin. Bara Alhaji ya rasu, Mas'uda ta ajiye aikinta a Kano ta karɓi ragama. Bana ne rabonta na farko, ta shirya rumfuna da masu ɗaukar hoto ranar Juma'a. Dattawan gida kuwa sun riga sun faɗa mata: in Juma'a ta zo babu gero, shugabanci ya koma hannun yayanta Jamaluddeen.

Sufeto ya je ya duba siton. Kwaɗo lafiya lau. An share ƙasa tas, an jingine tsintsiya, an kuma jera buhu huɗu a kusurwa. Shekararsa goma sha tara yana bin ɓarayi, bai taɓa gamuwa da mai shara ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

Makulli biyu ne, in ji Mas'uda, nata da na Jamaluddeen.

"Ina kake Asabar da Lahadi?" Sufeto ya tambayi yayan.

"Ina Kano wurin biki, tare da kowa."

"Kowa ya ce bai gan ka ba."

Jamaluddeen ya yi 'yan kame-kame, sannan ya amsa cewa gidajen baffanninsa ya zaga da goro da turare, yana neman kujerar ƙanwarsa. Abin kunya ne, amma baffanni uku suka shaide shi. Sufeto ya so ƙwarai a ce shi ne, don da ya huta.

Saura Baba Shehu, direban da ya yi wa Alhaji tuƙi shekara talatin. Yana zaune a inuwar darbejiya da carbi. Ya ce a-kori-kurar gidauniya ta yi mako ba ta tashi ba, batir ya mutu. Sufeto ya rubuta. Yana juyawa ya lura kajin gidan duk sun taru a ƙarƙashin motar suna tsattsaga.

Talata aka bugo daga Gwaram, an ga buhu mai tambarin gidauniya a Dingaya. Sufeto ya tafi da murnarsa zai kama mai sayen kayan sata, sai ya tarar da tsohuwa, Inna Batulu, tana surfe.

"Inna, wa ya kawo miki wannan?"

"Wa ya sani, ɗan nan? Na dawo daga gona na same shi a bayan ƙyauren zaure, rubutun yana kallon bango. Haka yake zuwa kowace shekara."

Ya ciro takardar sunayen da Mas'uda ta ba shi. Sunan Inna Batulu ne na tara. Ya bi na goma, ya bi na sha ɗaya, ya dawo ta Kangire da Unguwar Ya. Kowane zaure da buhunsa a bayan ƙyaure, kowa yana yi wa marigayi addu'a. Kan Sufeto ya ɗaure tamau. An yi sata, babu shakka, amma kayan suna hannun masu su. To wa zai kama, kuma me zai ce ya yi?

Sai yammacin Laraba ya samu gida huɗu da ba a kai wa ba. A duka huɗun amsa ɗaya aka ba shi: mai sunan ya rasu cikin shekarar nan, iyalin sun koma wurin dangi. Takardar Mas'uda ta bara ce. Ɓarawon ya fi takarda sanin mutanen.

Alhamis ya tara su a gaban sito. Ya tambayi Mas'uda wa ke zuwa ta'aziyya da sunan gidauniya. Ta dubi Jamaluddeen, shi kuma ya kalli takalminsa, daga bisani duk suka dubi inuwar darbejiya.

"Baba, kajin nan batir suke tsattsaga?" in ji Sufeto.

Tsohon ya ajiye carbi, ya ciro makullin mota. A zoben makullin akwai wani ƙaramin makullin sito da ya sha hannu, na Alhaji, wanda kowa ya manta da shi.

"Ni na kwashe, ranka ya daɗe. Kwana biyu ina kaiwa, da rana, mutane suna gona." Ya juya wurin Mas'uda. "Uwata, sau biyu ina faɗa miki, kika ce za a duba. Cikin mutanen nan akwai wanda ya yi limanci shekara ashirin. Akwai wanda mahaifinki ya yi wa dako yana saurayi. Ba zan iya tsayawa a jera su a rana, a ɗauke su hoto rungume da buhu ba."

Mas'uda ta ce masu ba gidauniya tallafi ne ke son hotunan don shaida. Kunya ta kama ta, ga tausayi. Ta ce ta janye ƙara. Sufeto ya ce janyewa a ofis ake yi, kuma wanda ya buɗe sito ba da izini ba dole ya bi shi ya ba da jawabi. Shi ma bai ji daɗin faɗar haka ba.

Baba Shehu ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Sun kusa mota Mas'uda ta biyo su da sauri.

"Baba, su wane ne huɗun da suka rasu? Ina iyalansu suka koma?"

Ya faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, har da ƙauyukan, tana rubutawa a bayan takardar masu rumfa. Jamaluddeen ya matso ya miƙa hannu, ya ce a bar makullin Alhaji a wurinsa kafin gobe. Tsohon ya zare shi daga zoben, ya wuce hannun da aka miƙa, ya danƙa wa Mas'uda.

"Ita ta tambaya," ya ce.

Sufeto ya buɗe masa gidan gaba, suka kama hanyar ofis. Har suka isa bai san abin da zai rubuta a gurbin laifi ba.