Zakanyar Hanyar Mallawa

Da sanyin safiya Muttaƙa ya fara ganinta, a kan jar hanyar da ta fita daga Dungas zuwa Mallawa. Yana bisa moto, wato babur, zai kai gyaɗa kasuwa, sai ya hangi wata budurwa a keken guragu, taya ta nutse cikin rairayi, tana ta fama, gumi ya jiƙa mata hijabi.

Ya jingine moton ya nufe ta da sauri.

"Malam, na gode, amma kada ka taɓa," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba. "In ka fitar da ni yau, gobe wa zai fitar da ni?"

Kunya ta kama shi, ya ja da baya. Yana kallo ta kwantar da jikinta baya, ta ɗaga ƙananan tayoyin gaba, ta ciji leɓe ta tura, keken ya fita. Sai a lokacin ta dube shi ta yi murmushi. Muttaƙa ya isa kasuwa ranar bai san farashin da ya sallama gyaɗarsa ba.

Bai sha wahalar sanin ko wace ce ba. Sunanta Hidaya, ɗiyar Malam Isufu. Da can tana koyarwa a lakwal, makarantar boko ta Dogo-Dogo, har ranar da moton da ya ɗauko ta ya kife, bayanta ya karye. Ta daɗe a ɗaki ba ta son ganin kowa. Maƙwabta kuwa ba su san wata hanyar nuna tausayi ba sai abinci: wannan ta aiko fanke, waccan fura mai sukari. Jiki ya buɗe, har ya zama sai mata biyu sun kama ta kafin ta tashi daga keke zuwa gado. Gyambo ya soma fito mata saboda yawan zama, likita a Magariya kuma ya faɗa mata jininta ya hau.

A can asibitin ne wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mata motsa jikin da mai zama a keke zai iya. Da ta dawo gida ta cika ƙananan bido, wato jarkoki, da rairayi tana ɗagawa, ta ɗaure tsohuwar robar taya a jikin darbejiya tana ja. Ta rage tuwo, ta ƙara zogale da wake, shayi kuma babu sukari. Kullum bayan asuba sai ta hau hanya.

Muttaƙa ya yi shekaru yana kokawa da sunan ƙauyensu, ya san abin da damtse ke ci kafin ya yi ƙarfi. Shi ya sa abin nata ya shiga ransa. Ya riƙa rage gudu idan ya iske ta, ya gaishe ta ya wuce. Daga gaisuwa aka koma hira, har ta ba shi lambarta.

Saƙonsa na farko ya ce: "Zakanya, na kayar da maza da yawa a fili, amma ban taɓa ganin mai zuciyarki ba. Yaya kafaɗa?"

Ta amsa: "Sarkin kokawa, kafaɗa da sauƙi. Yau na hau gado ni kaɗai, babu wanda ya kama ni. Kai ne na farko da na faɗa wa."

Ya karanta ya sake karantawa, sannan ya kira ta. Ya yi ta jera mata barka, ta yi ta yi masa dariya.

Da ya je gaban Malam Isufu, dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce shi ba ya son a ɗauki ɗiyarsa cikin zumuɗi a dawo masa da ita cikin kuka. Ya ce masa ya je ya yi shawara da gida tukuna.

A gida kuwa aka samu cikas. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ta ce ba da yawunta ba. Wa zai yi daka, wa zai ɗebo ruwa, wa zai goyi ɗa? Ga Huraira ɗiyar ƙaninta nan, lafiyayya, ta daɗe da ajiye masa ita a ranta. Muttaƙa ya yi ta lallashi, ya ce har likita ya tabbatar Hidaya za ta iya haihuwa, amma Inna ta toshe kunne.

Huraira ba ta tsaya jira ba. Ta je gidan Malam Isufu da sunan gaisuwa, cikin hira ta ce wa Hidaya gari duk ana yabon Yaya Muttaƙa, ai kowa ya san lada yake nema.

Hidaya ta raka ta da fara'a, ta koma ɗaki ta yi kuka. Da yamma ta aika masa: "Muttaƙa, in lada kake so, akwai masallacin unguwarku da ke neman rufi. Ni ba sadaka ba ce. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta: "Zakanyata, wallahi ban taɓa faɗin haka ba. Wanda ake tausayi ba ya hana mutum barci. Ni sonki nake yi."

Shiru. Ta ma sauya hanya don kada su haɗu, amma ba ta fasa fita ba ko sau ɗaya. Shi kuwa ya rame, ya daina zuwa kasuwa.

Ganin haka Inna Tabawa ta yafa mayafi ta nufi gidan Malam Isufu, da niyyar ta ce a sakar mata ɗa. Ta iske Hidaya ƙarƙashin darbejiya tana jan roba, wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki tana gefe tana kwaikwayonta. Da Hidaya ta ga baƙuwa, sai ta dafa hannun keke ta sauko da kanta bisa tabarma, ta gaishe ta cikin ladabi, ta dama mata fura. Inna ta sha, tana kallon tukunyar da yarinyar ta ɗora da tsakar gidan da ta share, maganar da ta zo da ita ta maƙale.

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Inna mace ce mai jiki, ta daɗe tana fama da ciwon. Ta sake yunƙurawa, ta koma ta zauna. Hidaya ta hau kekenta, ta matso kusa, ta danne birki, ta miƙa mata hannu.

"Inna, ku kama nan. Kada ku ji tsoro, ba zan sake ku ba."

Da hannu ɗaya ta tayar da ita. Inna ta tsaya riƙe da damtsen, ta daɗe ba ta saki ba.

"Ɗiyata," ta ce a hankali, "maganar lada daga bakina ta fito, ba daga nasa ba. Yaron nan ko abinci ba ya ci. Ki amsa masa."

Kafin Inna ta isa gida saƙo ya riga ta: "Sarkin kokawa, ka ci abinci. Gobe ina kan hanyar Mallawa."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Isufu. Tun kafin ranar Inna Tabawa ta kira magini, ta tsaya a kansa har ya faɗaɗa ƙofar ɗakin amarya, ya kwantar da dokin ƙofa, ya daɓe hanya har madafa. Sai da aka rage kayan amarya wajen tela, don ɗinkin farko ya yi mata yawa.

Da aka kawo ta, Inna ta kama hannunta ta sa cikin na Muttaƙa. Ta yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ta roƙi Allah Ya ba jikokinta zuciya irin ta uwarsu. Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Hidaya ta sunkuyar da kai cikin lulluɓi, Muttaƙa ya ji ta matse masa hannu, har sai da tsohon ɗan kokawar ya ɗan yamutsa fuska yana murmushi.